Layi nawa ne a kan NIN dinka? Tambayoyin da ake yawan yi min a shagon caji

Sana'ata cajin waya ce da dan POS a gefe, a wani kauye nan yankin Taura a Jigawa, in ka tashi daga wajenmu a babur kafin ka gama shan rake daya ka isa Gujungu. To mutanenmu sun dauka duk wanda yake zaune gaban soket sittin ya haddace waya ciki da bai, shiyasa kowace matsala ni ake kawowa, tun daga "hoto ya ki budewa" har "an ce wai an rufe min layi". A cikinsu wadanda suka fi tsaya min a rai sune na rijistar layi, don nan ne mutum yake shiga rigimar da bai san hawa ba bai san sauka ba. Gasu nan na tara, da amsar da nake bayarwa.

Wai meye kuma duba rijistar layi? Ba da kudina na sayi layina ba?

Da kudinka ka saya Baba, amma kamfani bai san wanda ya biya ba, wanda ya sani shine wanda sunansa da hotonsa da lambar NIN dinsa, wato lambar shaidar dan kasa, suke kan layin. Abu biyu ake dubawa kuma mutane suna cakuda su. Na farko, layin da yake cikin wayarka yanzu sunan wa yake dauke dashi. Na biyu, ita lambar NIN dinka layi nawa aka rataya mata, ka san su duka ko akwai bako a ciki. Na farkon shi ke sa a rufe maka layi ko ka kasa karbo shi in ya bata, na biyun kuwa shi ke kawo motar 'yan sanda kofar gida.

Rijistar layi da hoto da yatsa tun 2011 hukumar sadarwa NCC ta fara ta. Sai a Disambar 2020 lokacin Pantami yana ministan sadarwa aka ce kowane layi sai an hada shi da NIN, aka yi ta daga wa'adi har mutane suka dauka wasa ne, sai a Afrilun 2022 aka wayi gari miliyoyin layuka sun daina kira, sai dai a kira su. Wa'adin karshe shine 14 ga Satumba 2024. Daga nan duk layin da yake aiki a kasar nan to akwai NIN din wani a bayansa, ko naka ko na wani bawan Allah.

To ya ake dubawa?

Ka danna *996# a layin da kake so ka duba. Wannan kod din NCC ce ta maida shi daya ga kowa, ko MTN ne ko Airtel ko Glo ko 9mobile da ta koma T2 a 2025, shine na duba rijista da hada NIN. Jerin zabi zai fito, tsarinsa ya dan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai ka bi wurin da yake maganar matsayin NIN, zai gaya maka an hada ko ba a hada ba. In ka ga wurin duba lambobin da suke kan NIN dinka ka shiga, ka samu biro ka rubuta duk abin da ya fito kafin ya dauke.

Sai dai ka sani kowane kamfani nasa kawai yake gani. In ka duba a layi daya ka ga lafiya lau, wannan bai wanke sauran ukun ba, mai yiyuwa ne an yi layi da sunanka a kamfanin da kai tunda kake baka taba rike layinsu ba. Wanda yake son ya kwana da kwanciyar hankali, ranar da ya shiga Dutse ko Hadejia ko Kano ya tafi da takardar NIN dinsa ya leka ofisoshinsu, ya ce a duba masa layukan da suke kan sunansa. Ofis na gaske nake nufi, mai kanta da kwamfuta da layin jira, ba mai lema da yake rijistar layi a kasuwa ba.

Ni fa rakani kashi ce wayata, zata yi?

Zata yi sarai. Ba ruwan kod da data ko intanet, sabis kawai yake so. Ita 'yar karamar ma wani lokacin ta fi babbar saurin budewa.

Na manta lambar NIN dina, takardar kuma ruwa ya cinye ta

Danna *346# a layin da ka bayar ranar da aka yi maka NIN din, ka zabi wurin karbo lambar, za a cire dan kudi kadan a katinka sai ta fito, lambobi goma sha daya ne. In wancan layin ya bata sai dai ofishin NIMC, hukumar da take bada NIN, ana samunsu a sakatariyar karamar hukuma. BVN kuma daban ce, ta banki ce, ana duba ta da *565*0# a layin da banki ya sani. Dattawa da yawa suna miko min daya a matsayin daya saboda ita ma goma sha dayan ce.

Don Allah in ta fito kar ka karanta ta da karfi a cikin shago. Na sha cewa mutum ya rage murya, yana karantowa dansa yana rubutawa, benci cike da masu jiran caji.

Ta yaya ma wani zai yi layi da sunana ban sani ba, ai sai da yatsana?

Da yatsan naka za a yi, kai da kanka zaka bayar. Ni ganau ne ba jiyau ba.

Wata ranar kasuwa na ga yara biyu sun kafa lema da 'yar sifika suna cewa layi kyauta harda data a ciki, nace bari in kara daya saboda POS, in wannan sabis ya dauke in koma wancan. Na mika takardar NIN, yaron ya dauke ni hoto, na dora yatsa a 'yar na'urar. Ya dan kalli waya ya yamutsa fuska yace "Yaya bai hau ba wallahi, sabis ne, dan sake dorawa". Na sake. Ya sake daukar hoto, yace in cire hula wai inuwa ta rufe goshi. Can kuma "afuwan Yaya, na karshe kenan". Sau uku. Ni har tausayinsa nake ji yana ta gumi a rana, da zan tafi na saya masa ruwan leda.

Sai bayan kusan shekara biyu wayata ta fada rijiya, na je birni yin welkam bak, wato karbo lambata a sabon layi, matar da take kan kanta ta duba kwamfuta tace "Malam layukanka uku a wajenmu, wanne ne ya bata?" Nace uku kuma? Ta dan juyo min da fuskar kwamfutar, ga hotona nan har uku, daya da hula biyu babu, riga daya, rana daya. Kenan duk "bai hau ba" din nan hawa yake, kowane dorawa layi guda ne, ya bani daya ya rike biyu ya sayar wa wanda baya son a san sunansa. Har yau ban san a hannun wa suka zauna ba, ban kuma san me aka yi dasu ba, nan take nasa aka rufe su, amma ranar ko abincin kirki ban iya ci ba.

Ba duk ejan ne macuci ba, akwai yaran kirki masu neman halak dinsu kuma sabis yana daukewa da gaske. Amma in aka ce ka sake, kace a nuna maka fuskar na'urar ka ga inda ta ce bai yi ba, in baka iya karatun boko ba ka tafi da wanda ya iya. In ya fara boye-boye karbi takardarka ka kama gabanka.

In an yi din, me zai same ni? Ni dai ban yi laifin komai ba

Allah ya sani baka yi ba, amma mai bincike ba daga zuciyarka yake farawa ba, daga takarda yake farawa. In aka kira wani da layin aka nemi kudin fansa, ko aka damfari wata mata a Fatakwal, ko aka yi wa wani barazana, jami'an tsaro kamfani zasu tambaya layin waye, kamfani kuma sunanka zai basu da hotonka da garinku. Kafin a gane cewa kai manomin ridi ne da baka taba wuce Wudil ba ka kwana nawa a caji ofis, an sayar da akuya nawa, kuma ka san halin kauye, ko an sake ka maganar bata sakinka, shekara goma ana cewa "ai shine wanda aka taba zuwa aka dauka".

Bayan wannan akwai na kudi. Da layi mai sunanka da NIN dinka ana iya bude asusu a irin bankunan nan na waya, a rika zuba kudin sata a ciki ana kwashewa, ko a ci bashi a manhajojin bashi a gudu, su kuma su biyo sunan da suka gani. Satar sunan mutum laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, ba wai doka bata san da abin ba, amma kafin doka ta kamo barawon kai ne a kusa.

Na duba na ga lambar da ban sani ba. Yanzu me zan yi?

Da farko ka natsu ka tuna, sau da yawa in na matsa wa mutum da tambaya sai yace "au, ta uwargida ce" ko "ta yaron nan ce da yake Legas". In ka tabbata bakuwa ce to kar ka kira ta. Mutane suna son su kira su yi zagi, ba abin da zai kara maka sai dai ka sanar dashi an gano shi, kuma ka sa lambarka ta gaskiya a cikin jerin wadanda suka yi magana dashi.

Ka rubuta lambar da ranar da ka gani, ka je ofishin kamfanin da kanka da takardar NIN, kace wannan layin ba naka bane a cire shi daga sunanka. Ka nemi su baka lambar korafi ko wata shaida a rubuce, ka adana ta inda kake ajiye takardar gona. Bayan sati daya ko biyu ka sake dubawa ka ga ya fita da gaske. In kuma ka ji alamar an riga an yi barna da layin, misali wani ya kira ka yana cewa ka ci masa kudi, ka je wajen 'yan sanda ka shigar da rahoto tun kafin su su zo nemanka, ka kuma sanar da mai unguwa ko dagaci don a samu wanda zai tsaya maka shaida.

Layi nawa aka yarda mutum ya rike?

Ka'idar NCC hudu ne a kowane kamfani ga mutum daya. Amma a 2024 hukumar da bakinta ta ce ta gano mutanen da suke da layi sama da 100,000. Ka duba fa, dubu dari. Duk garinmu da kauyukan kewaye in an hada da jarirai bamu kai haka ba.

Wani abin da yake tona asiri kenan ma, ka je sabon layi a ce maka ka cika hudu alhali kai daya ka sani.

Wasu sun zo garinmu da fom na tallafi, suna karbar NIN da hoto suna bada dubu biyu. In bayar?

A'a. Banza bata kai zomo kasuwa. Wane irin tallafi ne tun kafin a tantance ka an fara biyanka ladan mika takarda? A 2025 EFCC ta fito ta yi gargadi kan matasa masu yawo suna sayen bayanan mutane, NIN da BVN da hoto, a kan 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar kamar 5,000 a bude asusu dasu. To mu mutanen karkara mune kasuwarsu, don sun san ana cikin matsi, sun kuma san in aka ce "gwamnati ce" ko "kungiya ce daga waje" ba mai tambaya ta biyu.

Abin yana da wuyar fada, na sani. Wata Inna ta taba ce min "dan nan kai kana da shago, ni dubu biyun nan ita ce cefanen kwana biyu". Ban iya ce mata komai ba sai da na yi shiru tukuna, don gaskiya ta fada. Abin da nace mata shine akwai tallafin gaske kuma shima yana neman NIN, amma na gaske yana biyowa ta karamar hukuma da hakimi da dagaci, ana sanarwa, an san ma'aikatan, in an tambaye su katin aiki zasu nuna ba fada. Wanda ya sauka daga mota da rana tsaka ya tara mata a zauren wani, yana daukar hoton fuska yana cewa ki kifta ido ki juya kai hagu da dama, wannan asusu yake budewa da fuskarki, ba sunanki yake rubutawa a tallafi ba.

Layin matata da na mahaifiyata duk da sunana na yi, akwai matsala?

Wannan kusan kowane gida ne a nan. Mace tana cikin gida, ofis yana da nisa, sai maigida ya yi da nasa ya kawo mata. Ba wanda zai kama ka don haka kawai, amma duk abin da aka yi da layin kai ne, kuma ita ma an tauye ta, don ranar da zata bude asusu ko za a turo mata kudin wani shiri sai a ga sunan layi daban sunan NIN daban. Sannan rayuwa ce, aure yana mutuwa, sai ka ga mace ta koma gidansu da layin tsohon miji ko shi ya je ya rufe layin da duk 'yan uwanta da masu sayen kuli-kulinta suka sani. In tana da NIN ku daure rana daya ku je tare a maida shi sunanta.

Yara kuma wanda bai kai 18 ba ba a yi masa rijistar layi da sunansa, dole sai na babba. To ka san wa ka ba, ka kuma rika tambaya ina layin yake, don yaro sai ya sayar da waya harda layin a ciki bai gaya maka ba. Mai shirin JAMB kuwa ya rike layi daya gam, tun 2021 sai da NIN ake rijistarta, kuma layin da ka tura sako dashi ka karbi kod shi zasu ci gaba da sani har a gama neman gurbin karatu.

Abokina ya ce in ara masa NIN dina ya yi layi, nasa ya samu matsala

Ka ara masa babur, ka ara masa garma. Wannan kam kace masa ya je ya gyara nasa. Kunya ce take kashe mu a nan, mutum yana ji a jikinsa abin bai kwanta masa ba amma "kar ya ga kamar ban yarda dashi ba". Ko shi mutumin kirki ne, wayar zata iya bata, zai iya bada layin ga wani, wanin ya ba wani.

Na sayi layi mai rijista a kasuwa, yana aiki lafiya lau

Yana aiki kafin ranar da mai sunan zai duba kamar yadda na duba, yasa a rufe. Ranar zaka zo min da shi kana cewa ya mutu, kuma ba abin da zan iya, ofis ma bazasu saurare ka ba don ba fuskarka bace a kai. In ka hada shi da banki abin ya fi muni, don mai sunan yana iya zuwa ya yi welkam bak ya karbe layin, alat dinka ya koma shiga wayarsa. Sayarwa da sayen irin wannan layin dama haramun ne a dokar NCC. Ka yi naka da sunanka, ka je banki ka canza lamba tun yana aiki.

An sace min waya a kasuwa, me zan fara yi?

Banki tukuna, kafin kuka, kafin cigiya. Barayin yanzu ba wayar ce ta dame su ba, layin suke so, su zare shi su sa a wata waya su nemo BVN su gwada kod din bankuna daya bayan daya, su sayi kati, su ci bashi, in fin dinka shekarar haihuwarka ce ko 1234 shikenan. Kowane banki yana da kod na toshe asusu da zaka iya dannawa a wayar wani, ka tambayi bankinka naka tun yau ka rubuta a takarda ka bar ta a gida. Bayan nan ka ari layin kamfani daya da naka ka kira 300 kace a toshe layin, sannan ka shirya zuwa welkam bak da NIN dinka da lambobin da ka fi kira, in kana da kwalin layin ka tafi dashi, wani lokacin sai sun nemi takardar rantsuwa ta kotu.

Abin da nake yi wa duk wanda ya yarda shine in sa masa fin a kan layin kansa, ba makullin fuskar waya ba. In an cire shi an sa a wata waya sai ya nemi fin. Amma a kula, in aka yi kuskure sau uku zai kulle ya nemi PUK, lambar da take jikin kwalin da layin ya zo a ciki, ita kuma in aka yi kuskurenta sau goma layin ya tafi. Shiyasa nake cewa a daina yar da kwalin nan a bakin lema.

Sabis dina ya dauke tun safe, na makwabta yana nan. Lafiya?

In na kowa ya dauke to karfen sabis ne, watakila man janareto ya kare, mun saba. In naka ne kadai, ka kashe ka kunna, ka sa layin a wata waya, in har yanzu shiru kar ka kwana a kai. Yana iya zama layin ne ya lalace ko an rufe shi saboda NIN, yana kuma iya zama wani ne ya je ya yi welkam bak da sunanka, naka ya mutu nasa ya tashi. Toshe asusu ka nufi ofis.

Ina da tsohon layi na yar dashi tun da na dawo daga ci-rani

Layin da aka dade ba a kira ba a sa kati, kamfani yana kashe shi, in an kara watanni ya sake sayar da lambar ga wani sabo. Lambar ba gadonka bace, aro ce. Matsalar ita ce banki bai san ka yar ba, Facebook da WhatsApp ma basu sani ba. Akwai wanda ya kawo min waya yana dariya wai kullum alat din wani mutum yake shigo masa, albashi ya shiga, an cire dubu biyar, har ya san ranar da ake biyan mutumin. Shi mai tsoron Allah ne, wani fa? Kafin ka bar layi ka cire shi daga banki da duk inda ka bada shi, in kuma kana sonsa ka rika dan sa masa ko na dari kana kira lokaci-lokaci.

Mahaifinmu ya rasu, layinsa yana hannunmu

Allah ya jikansa. Mutane suna rike layin mamaci saboda abokan huldarsa da masu bashi, ba laifi na dan lokaci, amma a bar shi a hannun mutum daya da magada suka yarda dashi, don in akwai asusu a kai to dukiyar gado ce ba ta mai rike da waya ba. A sanar da banki, in kuma ana son layin ya dore a je ofis da takardar shaidar rasuwa a nemi maida shi sunan wani mai rai. In ya bata yana sunan marigayi karbo shi aiki ne ja.

An kira ni an ce daga ofishin NIN ne, za a rufe layina in ban karanto lambar da aka turo min ba

Kashe wayarka. Ba kamfani ko banki ko NIMC da zai kira ka ya ce karanto lambar da ta shigo ta tes, wannan lambar makulli ce, da ita zai shiga asusunka ko ya dauke WhatsApp dinka ya fara rokon 'yan uwanka kudi da sunanka. Kar Hausarsa ta rude ka, yanzu da sallama suke farawa, su kira sunanka harda na mahaifinka, su ce "ranka ya dade taimakonka zamu yi". Sanin sunanka ba shaida bace, a jikin fom din da ka cike wani wuri ya gani.

Sunana a NIN Muhammad, a layi Mamman, a banki Muhammadu

Kai da rabin garin nan. Ga Abubakar da Habu da Garba, ga wanda aka sa masa sunan gari a wuri daya sunan uba a wani, ga ranar haihuwa da kowa 1 ga Janairu ne. Irin wannan sabanin yana sa hadin ya ki karbuwa ko a toshe layi. Wanda yake kan NIN shi ake bi, don haka mafi sauki ka je kamfanin layi su sake daukar bayananka daidai da NIN, haka banki. Canza na NIN din kansa yana yiwuwa amma da kudi da jira, sai in shine yake da kuskuren.

Layin Nijar fa? Muna zuwa Maigatari duk Alhamis

Shi ba ruwansa da NIN ko *996#, dokar can daban, da takardun can ake masa rijista. Amma in wani a kasuwa ya ce ka bashi takardarka ta nan ya samo maka layi, ko wane iri ne, amsar dai daya ce da ta mai neman aro.

Na je ofis sun yi ta min yawo da hankali, ina zan kai kara?

Ka fara da kamfanin, ta 300 ko a ofis, ka karbi lambar korafi. In kwanaki sun wuce ba abin da aka yi ka kira 622, layin korafi ne na NCC kuma kyauta ne, zasu tambaye ka waccan lambar shiyasa nace ka adana. In maganar ta shafi an yi amfani da bayananka ba da izininka ba akwai hukumar kare bayanai NDPC da dokar 2023 ta kafa, sai dai wannan sai ka samu dan boko ya taya ka rubutawa.

Sau nawa ya kamata in rika dubawa?

Ni ina yi duk bayan wata biyu ko uku, da kuma duk lokacin da na mika takardar NIN dina a wani wuri, ko fom din taki ne ko na makarantar yara. In an yi maka fotokwafi ka karbi ragowar da suka lalace kar ka bari a kwandon shago, na taba sayen kosai aka nade min shi a cikin fotokwafin NIN din wani mutum, hotonsa da lambarsa duk mai ya jike su amma ana karantawa tsaf. Wanda bai iya ba ya zo da wayarsa bayan la'asar lokacin da jama'a suka ragu, shi zai rike abarsa ya danna ina gaya masa, bana karbar ko sisi a kan wannan, caji ne dai naira dari.